Yadda za ka ajiye lamba a ƙaramar waya, ka kuma same ta ranar bukata

Wata safiya ta ranar kasuwa wata dattijuwa ta sauko daga motar Madarunfa, ta tsaya gaban teburin da nake cajin waya da ƴan gyare-gyare a nan Maraɗi. Ta kwance bakin zane ta fiddo ƴar waya, ta ce: "Ɗana, nemo mini lambar yayanka da ke Legas. Mahaifinsa na kwance likita, an ce a kawo kuɗin magani." Na ce: "To Inna, da wane suna aka sa shi?" Ta ce ita ba ta sani ba, jikanta ne ya sa. Na buɗe, sai ga Alhaji bayan Alhaji, Malam bayan Malam, ga wani "Aaa", ga wasu lambobi tsirara babu suna. Wadda muka gane ta Najeriya ce kuma da sifiri aka fara ta, don haka ko an danna ba ta tafiya daga nan. Sai da rana ta kusa take tsaka kafin muryar ɗanta ta fito, ita kuwa tana tsaye hankalinta duk yana likita.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini waya in sa masa lamba, sai na zaunar da shi ya sa da hannunsa. Abin da nake koya musu shi ne zan shimfiɗa a nan. Maganata a kan ƙaramar waya ce mai madannai, irin su itel, Tecno da Nokia, wadda ita ce a aljihun yawancin iyayenmu, da manoma, da ƴan kabu-kabu. Har alhazan da ke riƙe da babbar waya da yawansu suna da ƙaramar a gefe saboda riƙe caji. Lokacin da kake ajiye lamba, ka riƙa tuna ranar da za ka neme ta. Galibi ranar ba ta zuwa cikin kwanciyar hankali, kuma mai yiwuwa wani ne zai nema maka.

Fara sanin madannan

Riƙe wayar ka dubi layukan ƙasa. Madannai goma sha biyu ne: 1 zuwa 9, sai tauraro (*), sifiri, da alamar nan mai kama da tsani (#). Daga 2 zuwa 9 kowane yana ɗauke da haruffa: 2 na da ABC, 3 DEF, 4 GHI, 5 JKL, 6 MNO, 7 PQRS, 8 TUV, 9 WXYZ. Ka lura 7 da 9 ne kawai ke da huɗu-huɗu. Wannan tsari ɗaya ne a kowace irin waya, don haka ko rubutun ya goge saboda gumi da ƙura, wanda ya haddace bai rasa komai ba. Shafa 5 da yatsa, za ka ji ɗan tudu a kansa ko a gefensa. An yi shi ne don makafi da mai lalube cikin duhu: in ka sami 5, 2 na samansa, 8 na ƙasansa, 4 na hagu, 6 na dama.

A sama akwai kore na kira, da ja na katsewa da komawa farko. Akwai kuma guda biyu daf da fuskar wayar, hagu da dama, waɗanda ba su da aikin kansu: abin da aka rubuta a saman kowane, shi yake yi a wannan lokacin. Na hagu galibi shi ne Options ko OK, na dama shi ne komawa baya ko goge harafi.

Kalmomin cikin waya da zan ambata na Faransanci ne, tunda da shi yawancin wayoyinmu ke zuwa. Wadda aka sayo daga Katsina ko Kano takan zo da Ingilishi. Shiga Paramètres (Settings a Ingilishi), ka nemi Langue (Language) ka sauya harshe. Wasu wayoyin itel da Tecno har Hausa suna da ita, sai ka duba ko taka na ciki.

Karɓar lamba daga bakin mai ita

Kuskure da yawa tun a nan yake shiga, kafin ma a kai ga ajiyewa. Lambar Nijar alƙaluma takwas ce, kuma bibbiyu muke faɗinta, sau da yawa da Faransanci. To ƙidayar Faransanci tana da tarko daga 70 zuwa 99. Mai faɗin 96 da "quatre-vingt" zai fara, mai sauri sai ya riga ya danna 8 ko 4 kafin a ƙarasa "seize". Haka 77, da "soixante" take farawa, sai mutum ya danna 6. Da Hausa ma ana samun haka tsakanin sittin da saba'in in ana hayaniyar tasha, sannan sifirin da ke gaban irin su 05 yakan salwanta.

Ga yadda nake yi. Ina sa mutum ya faɗi alƙalumai ɗaya-ɗaya: tara, shida, haka har ƙarshe. In ya gama sai in ƙirga, su cika takwas cif. Sannan in karanta masa, ya ce haka ne. Bayan wannan in yi masa bip, wato in kira in katse da zarar ta yi ƙara, yana tsaye gabana. In wayarsa ta yi kuka, lamba ta tabbata, shi ma ya sami tawa. Kada ka tsallake bip ɗin nan, musamman in lambar da za a tura wa kuɗi ce, ko ta Airtel Money ko a ofishin NITA ko Amana. Alƙalami ɗaya in ya sauya, kuɗi ko saƙon karɓarsu wajen wani za su nufa.

Farkon lamba yana nuna kamfani. Mai 96 ko 97 Airtel ce, 90 ko 91 Zamani ce, wadda dā ake kira Orange, 94 Moov ce, 93 kuma Niger Telecom. Akwai wasu farkon ban da waɗannan. Wayar ofis ta nan Maraɗi da 20 41 take farawa.

Alamar + da lambobin ƙetare

Mu mutanen bakin iyaka ne. Da wuya ka sami gida a Maraɗi da ba shi da wani a Jibiya, Katsina, Kano ko Legas, ban da masu ci-rani a Libiya da Aljeriya, da masu sayayya a Kwatano. Saboda haka wannan sashe ya shafi kowa.

Lambar Najeriya alƙaluma goma sha ɗaya ce in suna faɗa, tana farawa da sifiri, kamar 0803 ko 0802. Sifirin nan na cikin gidansu ne. Daga nan sai ka cire shi, ka sa +234 a madadinsa, sauran goman su biyo baya. Wato 0803 ta koma +234803. Wannan shi ne abin da ya hana lambar ɗan dattijuwar nan shiga.

Yaya ake samun alamar +? A Nokia da wasu da dama, danna tauraro sau biyu da sauri. A wasu kuma, danne sifiri ka riƙe har ta fito. Gwada duka biyun, ɗaya zai yi. Wasu kan sa 00 maimakon +, kuma daga Nijar tana tafiya. Amma ni + nake ba da shawara, domin in ka tsallaka Najeriya ka sa sim ɗinsu, nasu mabuɗin fita 009 ne, alhali + tana aiki ko'ina ka je.

Har lambobin gida ma, in kai mai tafiye-tafiye ne, ajiye su da +227 a gaba. A cikin Nijar za ta shiga kamar kullum, kuɗin kiran bai ƙaru ba. Ranar da ka wuce Ɗan Isa kuwa, ko ka je aikin hajji, ba sai ka zauna gyara lambobi ɗaya bayan ɗaya ba kafin ka ji muryar iyalinka. Sauran da aka fi tambayata: Saudiyya +966, Libiya +218, Aljeriya +213, Gana +233, Togo +228, Burkina Faso +226, Cadi +235, Kamaru +237, Benin +229, Kodebuwa +225. Ƙasashe biyun ƙarshe sun ƙara tsawon lambobinsu zuwa goma: Kodebuwa tun Janairun 2021, Benin kuma a ƙarshen Nuwamban 2024, inda aka ƙara 01 a gaban tsoffin takwas ɗin. In tsohuwar lambar dillalinka na Kwatano ta daina shiga, fara duba wannan kafin ka ce ya sauya layi.

Ajiyewa

Hanya mafi sauƙi daga fuskar farko take. Danna ja don ka tabbatar kana farko. Rubuta lambar kamar za ka kira. Danna na hagu, wato Options, ka zaɓi Enregistrer ko Ajouter aux contacts, sannan Nouveau contact. Wayar za ta tambaye ka inda za a ajiye: SIM1, SIM2 ko Téléphone. Zan dawo kan wannan zaɓi, don yana da muhimmanci. Bayan ka zaɓa sai gurbin Nom ya fito, nan za ka rubuta suna. In ka gama, kada ka danna ja. Mutane da yawa a nan suke zubar da aikinsu, su rubuta komai daidai sannan su danna ja suna zaton an gama. Danna na hagu ko na tsakiya, ka jira ka ga wayar ta rubuta Enregistré.

In mutumin ne ya kira ka ko ya yi maka bip, ba sai ka sake rubuta lambar ba. Daga fuskar farko danna kore sau ɗaya, jerin kiraye-kirayen baya zai fito. Sauka kan lambar, danna Options, ka zaɓi Enregistrer, sauran kamar na sama. Yi shi nan take. In ka bari sai dare, bip biyar sun hau kanta, ba ka ƙara sanin wacce ce ta wa. Jerin nan kuma ba ma'aji ba ne, sababbin kira na ture tsofaffi. Na san masu shekara suna kiran mutum daga jerin kira kawai, ranar da ya faɗi daga ƙasa sai a zo ana cigiya.

Hanya ta uku ita ce shiga Menu, Contacts ko Répertoire, Options, Nouveau. Duk wuri ɗaya suke kaiwa.

Rubuta suna da madannai

Ƙa'idar ɗaya ce: matsayin harafi a kan madanni, shi ne yawan dannawa. Harafin farko sau ɗaya, na biyu sau biyu, haka. A ɗauki Musa: 6 sau ɗaya ya ba da M, 8 sau biyu U, 7 sau huɗu S, 2 sau ɗaya A. Hadiza kuma: 4 sau biyu, 2 sau ɗaya, 3 sau ɗaya, 4 sau uku, 9 sau huɗu, 2 sau ɗaya. Dannawar harafi ɗaya a jere take, ba tsayawa. In ka yi jinkiri tsakanin danna 7 na biyu da na uku, wayar za ta ɗauka ka gama, ta ba ka Q ta fara wani harafi.

Inda ake bukatar haƙuri shi ne haruffa biyu masu bin juna a madanni ɗaya. Baba gaba ɗaya a kan 2 yake: sau biyu B, ka dakata kamar ƙiftawar ido biyu har ɗan sandan da ke ƙyaftawa ya matsa gaba, sau ɗaya A, ka dakata, sau biyu, ka dakata, sau ɗaya. Inna ma haka: 4 sau uku, 6 sau biyu, dakata, 6 sau biyu, 2 sau ɗaya. Mai gaggawa yana iya danna kibiyar dama maimakon jira.

Tazara tsakanin kalmomi a sifiri take a yawancin wayoyi. Ɗigo, waƙafi da makamantansu suna kan 1 ko tauraro. Tsani (#) shi ke sauya salon rubutu, za ka ga alamar a saman fuska tana juyawa: Abc, abc, ABC, 123. In kana danna 6 kana ganin 6 maimakon M, kana kan 123 ne, danna tsani har ta dawo. In kuma wayar na zaɓo maka kalmomin da ba ka nufa ba, ƙamusunta ne a kunne, wanda ake kira T9. Ƙamusun bai san Ɗanladi ba, bai san Tasalla ba, kashe shi ta tsanin nan ko ta Options. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, babu su a yawancin waɗannan wayoyi, sai ka sa b, d, k da y.

Wane suna za ka sa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan na fi ɓata lokaci da masu zuwa wurina. Waya tana jera sunaye ne bisa harafin farko, da shi kuma ake nema. To a garin da ake wa kirari da alhazai, in ka fara kowane suna da Alhaji, ka tara rabin mutanenka a harafi ɗaya. Ga shi fuskar wayar ƙarama ce, sim kuma ba ya ɗaukar dogon suna, sai ya datse wutsiyar. Ka rubuta "Alhaji Abdullahi mai taki", abin da zai rage maka "Alhaji Abdulla" ne, kuma irinsu uku gare ka.

Fara da sunan yanka ko laƙabin da ka fi saurin tunawa, sannan sana'a ko wuri, a gajarce: "Sani tela", "Sani Tasawa", "Sani kabu". Girmamawa ba ta ragu ba don ka mai da Alhaji baya, ka rubuta "Abdu Alh taki". Kai kaɗai ke gani, kuma in ya kira da Alhajin za ka amsa masa. Mutumin da sana'arsa ce ta haɗa ku, fara da sana'ar, domin ranar da famfo ya fashe ba sunansa za ka tuna ba: "Famfo Isa", "Wuta Lawali", "Mota Dakoro", "Ungozoma".

Sai wata matsala da ta keɓanta da mu ƴan Nijar, wato rubutu iri biyu. Wanda ya yi lakwal zai rubuta Ousmane, wanda ya saba da rubutun Hausa zai rubuta Usman. Ɗaya yana O, ɗaya yana U. Haka Oumarou da Umaru, Chaibou da Sha'aibu, Djibo da Jibo, Tchima da Cima, Elhadji da Alhaji. In yau ɗanka ya sa maka suna, gobe mai shago ya sa wani, jibi kai ka sa, wayarka ta zama kasuwa. Zaɓi salo ɗaya ka tsaya a kai, duk wanda zai sa maka lamba ka gaya masa. In ka nemi mutum a U ba ka gan shi ba, leƙa O kafin ka ce ya ɓace.

Yawancinmu layi biyu muke riƙewa saboda kiran kamfani ɗaya ya fi araha, kuma rezo ba ya zama ɗaya a ƙauyuka. In mutum na da lamba biyu, sa harafin kamfani a ƙarshe: "Sani tela A", "Sani tela M". Da ka gani ka san da wane sim za ka kira. In ya sauya lamba, shiga Modifier ka gyara tsohuwar. Kada ka buɗe "Sani sabo", don bayan shekara za a sami "Sani sabo 2", ba mai sanin wacce ke aiki. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya ba wani, don haka tsohuwar lamba tana iya kai ka, ko kuɗinka, ga baƙo.

Mutum uku ko huɗu da za a kira in wani abu ya same ka, sa musu 1, 2, 3 a gaban suna: "1 Gida", "2 Yaya". A yawancin wayoyi za su taru wuri ɗaya a saman jeri, wanda ya tsince ka a hanya ba zai sha wahala ba. Ka ajiye 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana. Abu ɗaya da ba na so in gani cikin sunaye shi ne lambar sirrin asusun kuɗi. Sau da yawa ina buɗe waya in tarar an rubuta "kod" ga alƙaluma huɗu a ƙasa. Wanda ya ɗauke wayar ya sami sim da mabuɗi a lokaci ɗaya.

Sim ko waya

Kowane da amfaninsa da illarsa. Abin da ke kan sim yana bin sim: ka cire ka sa a wata waya, sunayenka na nan. Amma galibi ba ya wuce suna 250, suna ɗaya lamba ɗaya, sunan kuma gajere. Cikin waya ya fi faɗi, wasu na ɗaukar 500, wasu har 2000, kuma ana iya tara lamba biyu ko uku ƙarƙashin suna ɗaya. Illarsa ita ce in wayar ta faɗa randa, ko ta mutu, ko mai gyara ya wanke ƙwaƙwalwarta, sun tafi.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba sai ya same su. In sim ya ɓata ka je ofishin kamfani da katin shaidarka, za a dawo maka da lambarka, amma sabon sim ɗin fanko yake zuwa. Sunayen suna cikin ɗan guntun da ya ɓata ne, ba a wurin kamfani ba. Na ga dattijo ya dawo da murna an mai do masa layi, ya buɗe bai ga kowa ba, ya zauna ya yi shiru.

Shawarata ga mai ƙaramar waya: ka ajiye a sim, sannan lokaci-lokaci ka kwafa zuwa waya. Shiga Contacts, Options, ka nemi Copier ko Copier tout, daga SIM zuwa Téléphone. Ka kula da bambancin Copier da Déplacer: na farko yana barin asali a wurinsa, na biyu kwashewa yake. Bayan kwafi za ka iya ganin kowane suna sau biyu. Kada ka hau gogewa. A cikin saitin Contacts akwai inda ake zaɓar wanda za a nuna, ka zaɓi sim kaɗai ko waya kaɗai. Can kuma za ka ga État de la mémoire, mai nuna gurbi nawa ya cika, nawa ya rage.

Nemowa

Daga fuskar farko, madannin dama na sama ko kibiyar ƙasa kan buɗe sunaye kai tsaye. In sun buɗe, kada ka kama sauka ɗaya-ɗaya tun daga A. Danna harafin farko kamar yadda ka rubuta shi: Sani kake nema, 7 sau huɗu, jeri zai tsallaka zuwa S. Ƙara 2 sau ɗaya ya zama "Sa", ya ƙara matsewa. Sai ka sauka da kibiya kaɗan, ka danna kore. A waya mai sim biyu za ta tambaye ka da wanne, ko kuma tana da kore biyu. Sunan da ke can ƙarshe, kamar Zali ko Yahaya, danna kibiyar sama daga farkon jeri, a wayoyi da yawa za ta zagaya ta kai ka ƙarshe.

In so kake ka karanta wa wani lambar, tsaya kan sunan ka danna na tsakiya, ko Options sannan Afficher ko Détails. Kana iya tura ta da saƙo ta Envoyer, wanda ya fi karantawa aminci.

In ka tabbatar ka ajiye suna amma babu shi, bi waɗannan kafin hankalinka ya tashi. Duba ko wayar na nuna sim ɗaya ne kawai alhali sunan na ɗayan. In yanzu ka kunna ta, ba ta ɗan lokaci ta gama karanta sim. Duba can saman jeri, domin in tazara ta shiga gaban suna bisa kuskure, sai ya bar harafinsa ya koma can. In duka sunayen sim ne suka ɓace, kashe wayar, cire batir, ka goge ƙarfen sim da ƙyalle mai tsabta. Ƙurar hunturu kaɗai tana jawo wannan. In ta nemi PIN, wato lambar sirrin sim, kada ka yi ta cinke: kuskure uku ya kulle, sai PUK mai alƙaluma takwas da ke jikin katin da aka ɓallo sim daga ciki, shi kuma kuskure goma ya kashe sim ɗin har abada, tare da sunayen da ke kansa.

Ga iyayenmu da ba su yi boko ba

Dattijuwar da na fara da labarinta ta dawo bayan mai gidanta ya samu sauƙi, kuma abin da na yi mata shi ne kiran sauri da madanni ɗaya, wanda wayar ke kira Numérotation rapide ko Appel abrégé. Yana cikin saitin Contacts ko na Appels. Ka kunna shi, ka ɗaura suna ɗaya a kan kowane madanni daga 2 zuwa 9. Shi 1 an ware shi don saƙon murya. Daga nan in ta danne 2 ta riƙe, wayar da kanta za ta kira wanda ke kan 2.

Ban cika mata takwas ɗin ba. Huɗu muka sa, bisa tsarin haihuwa, don shi ne abin da ba za ta manta ba: babban ɗa a 2, mai bi masa a 3, ɗiyarta da ke aure a Gidan Rumji a 4, auta kuma a 5 mai ɗan tudu. Na ce: "Inna, gwada mu gani." Ta danne 2, ta ce: "Ai ga ta tana kuka." Muka maimaita sau uku har hannunta ya saba. Na nuna mata yadda ake kulle madannai, domin waya a bakin zane tana iya danne kanta ta cinye kiredi.

Don ta gane mai kiranta, wasu wayoyi suna bari a ba kowane suna kukansa daban, amma galibi sai sunan na cikin waya, ba kan sim ba. In babu wannan, alamu na aiki: tauraro ɗaya a gaban suna babban ɗa, biyu mai bi masa. Da yawa daga cikin iyayenmu kuma suna gane mutum da alƙaluma biyun ƙarshe na lambarsa. Mai irin wannan basira, sa masa alƙaluman nan a gaban sunan, abin da ya riga ya sani ke nan.

In za a sauya waya ko a kai ta gyara

Kafin ka miƙa wa mai gyara waya, ni ko wani, kwafe sunaye zuwa sim, ka cire sim da memori ka sa aljihu. Kada ka taɓa Restaurer les paramètres d'usine, wato mai da waya yadda ta fito daga kamfani, don wani ya ce zai sa ta sauri, sai ka tabbatar an kwafe. In wayarka na ɗaukar memori, duba Exporter a cikin Options. Zai tara duka sunaye a fayil ɗaya mai ƙarewa da .vcf, wanda ake iya tura wa wata waya ta Bluetooth, a buɗe shi can ta Importer. Mai komawa babbar waya ta Android, bayan ya shigo da su ya ajiye su a asusunsa na Google, ya kuma rubuta adireshin da kalmar sirrinsa a gida, don da su ne sunayen za su dawo a kowace sabuwar waya. A WhatsApp kuma lambar ƙetare ba ta bayyana sai an ajiye ta da + da lambar ƙasarta.

Duk da haka, ka sayi ɗan littafi na dalar sefa ashirin ko arba'in. Rubuta lambobi talatin da suka fi maka muhimmanci, da boko ko da ajami, duk wanda kake karantawa. A shafin farko ka sa lambarka, da PUK, da alƙaluma 15 da ke fitowa in ka danna *#06#, waɗanda su ne shaidar wayar kanta in an sace. Littafin ya zauna gida cikin akwati tare da takardun haihuwa, kada ya riƙa yawo a aljihu ɗaya da wayar. Lamba biyu kuma ka haddace su da ka, ta gida da ta wanda zai taso in ka kira shi tsakar dare, ka riƙa danna su da hannu lokaci-lokaci maimakon nemowa daga jeri, don kada su kwance maka.